Yadda Ake Yi wa Aska Mai Naɗewa Sabuwar Ƙota a Gida

Tambaya: Baba, ni wanzami ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Na gaji wata aska mai naɗewa daga mahaifina, an buga mata tambarin Solingen a wuya. Ƙarfen lafiyarsa lau, amma ƙotar ta tsage daga wajen ƙusa, yanzu da zare na ɗaure ta. Ina da zarto da magagari a gida. Wane ice zan nema, kuma yaya zan sassaƙa mata sabuwa?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya bar maka albarkar hannunsa. Ɗana, wannan aiki za ka iya yinsa a zaure, ba sai da inji ko wutar lantarki ba. Askar kuma ta cancanci wahalar, don Solingen gari ne a Jamus da ya shahara da ƙirar wuƙaƙe da asake tun ɗaruruwan shekaru, kamar yadda Sheffield ta shahara a Ingila.

Kafin ka ɗauki zarto, ka fitar da ƙotar wuƙa daga ranka. Ita wuƙa ana yi mata ƙota mai kauri don hannu ya damƙa. Kai kuwa ka sani, idan kana aski yatsunka a wuyan ƙarfen suke, ƙotar tana tsaye a sama tsakanin yatsu. Aikinta shi ne ta ɓoye kaifi idan an naɗe, ta kuma riƙe ƙarfen da ɗan tsauri idan an buɗe don kada ya riƙa lilo. Shi ya sa ake yin ta da ɓari biyu sirara masu ɗan lanƙwasuwa, da weji a gindi, wato ɗan guntun da ke shiga tsakanin ɓarin biyu, da ƙusa biyu. Duk awon da zan gaya maka manufarsa ɗaya: idan ka rufe askar ta sauka a tsakiyar ɓarin biyu, kaifin bai goga ko ɗaya ba. Ƙotar da ta yi kyau a ido amma kaifi yana cizon gefenta ba ta yi ba, don rufewa ɗaya ta isa ta ɓata washin da ka daɗe kana yi.

Fara da cire tsohuwar a hankali. Naɗe kaifin da salatif ko tsumma, ka goge kan ƙusar da magagari har ya tafi, sannan ka ɗora ƙotar a kan katako mai ɗan rami daidai ƙarƙashin ƙusar, ka tura ta da siririyar ƙusa da ƙananan bugu. Kada ka ɓanɓare da wuƙa. Ɓarin da bai karye ba da wejin da ke gindi su ne ma'auninka, ka adana su. Sai dai ka shinshina tsohuwar ƙotar bayan ka ɗan goge ta: idan ka ji ƙanshin kafur, ko ka ga tsatsa ta bi ƙarfen daidai inda yake kwanciya a ciki, to irin robar da ce da ake kira seluloyid. Idan ta tsufa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, kuma tana kama wuta nan take. Ka zana siffarta a kwali, ka raba ta da zabirarka a ranar.

Ka tambayi ice, amma in don ta ni ne, ƙahon sa za ka nema. Tsofaffin asaken Sheffield da ƙaho aka yi wa yawancinsu ƙota, kuma har yau ana samun waɗanda suka haura shekara 100 da ƙotarsu ta asali. Ƙaho yana lanƙwasa ya dawo, ba ya shan ruwa kamar ice, ga shi ba nauyi. Kai ma ba baƙonsa ba ne, tunda da tsininsa kuke yin ƙahon jan jini. Abin da kake bukata shi ne sashen da ke ƙasa da tsinin, inda yake da rami amma bangonsa bai sirance ba, kauri kamar milimita 4 zuwa 5. Can gindi kusa da kai ya cika siranta, yana kuma ɓarewa falle-falle. Nemi na rahaji, jajayen shanun Bararo, ko na bunaji, don su ne ke da tsawon da zai ba ka santimita 15 a miƙe. Na bokolo gajere ne, na rago kuma ya cika murɗewa da gargada. Ka yi magana da mahautan garinku, ko ka leƙa kwata ranar kasuwa. Wanda ke zuwa Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ba zai rasa ba.

Idan ƙashin ciki bai fita ba, tafasa shi ka buga a kan kututture, zai zame. Yanke tsinin, ka tsaga sauran a tsaye da zarton ƙarfe, ka fitar da falle biyu daga ƙaho guda don launinsu da taurinsu su zo ɗaya. A tsaye nake cewa, bin tsawon ƙahon, don haka zarensa yake tafiya. Miƙar da shi ne wurin da mutane ke gazawa. Tafasasshen ruwa yana tausasa shi, amma zafinsa bai wuce digiri 100 ba, kuma ƙahon da aka miƙar da ruwa kaɗai yakan koma lanƙwasarsa bayan 'yan makonni. Yana son zafi wajen digiri 160 kafin ya saki jiki sosai. Ɗora man gyaɗa a tsohon kasko, kada ya kai ga hayaƙi, ka tsoma fallen da awartaki na ɗan lokaci kaɗan, ka ciro ka gwada lanƙwasa shi, ka mayar in bai yi ba. Da ka ji warin ƙonannen gashi ko ka ga jikinsa yana kumfa yana fari, ya ƙone, zai yi gautsi. Ka fara gwaji da guntun da ba ka so. Da ya yi laushi sai ka sa shi tsakanin katako biyu masu santsi ko faranti biyu na ƙarfe, ka matse da ƙusoshi masu noti, ya kwana a haka. Bayan nan ka ajiye shi a inuwa mako biyu ko uku ka ga halinsa. Wanda zai karkace gara ya karkace tun bai hau aska ba. Yara kuma a kore su daga wajen kaskon.

In ka fi son ice, to ba sabon sara ba. A ƙasarmu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ya haura 70 a watan Agusta, kuma icen da aka sirance ya koma milimita 3 yana bin wannan sauyin, ya kumbura ya tsuke. Wanda ya shekara da shekaru a bushe shi ne mai haƙuri. Karyayyar taɓarya ta ƙirya ko tsohuwar ƙotar gatari ta fi duk katakon da za ka saya. Ƙirya tana da tauri da nauyi, gara ma ba ta cika damunta ba. Zuciyar kanya tana da kyau ƙwarai, tana ɗaukar santsi. Aduwa ma ta yi, ita ce masassaƙa ke yin allo da ita saboda laushin fuskarta, amma ka nemi guntu a wajensu, kada ka taɓa allon da aka riga aka yi rubutu a kansa. Marke yana da ƙarfi sai dai yana yawan tsagewa wajen bushewa. Maɗaci ƙofofin jikinsa a buɗe suke, suna riƙe datti. Gawo da rimi da kuka kuwa ba su da wurin zama a nan. Kowanne ka samu, faskara shi da gatari maimakon ka yanka da zarto, don faskare yana bin zaren icen, kuma ɓarin da zarensa ya tafi a miƙe daga ƙusa zuwa ƙusa ba ya karyewa a wajen huji.

Akwai kuma farantin roba mai kaurin milimita 3 da masu rubuta allunan talla ke amfani da shi. Ba shi da kwarjinin ƙaho, yana kuma tsagewa in an matsa masa da guduma, amma ba ruwansa da damina, kuma yana wankuwa tas. Hauren giwa kuwa kada ma wani ya kawo maka zancensa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, dokar Najeriya ma ta kare giwa.

Tunda na ambaci wanki, bari in faɗi abin da ke raina, don kai mai taɓa jikin mutane ne. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini mako guda ko fiye, kuma wajen ƙusar aska, tsakanin ƙarfe da ƙota, wuri ne da jini ke maƙalewa ido bai gani ba. Ƙaho da ice ba sa jure tafasawa, ruwan bilic kuma yana cin ƙarfe, shafa sifirit kaɗai ba ya wadatarwa. Saboda haka askin jariri ranar suna, da kaciya, da duk aikin da ke fitar da jini, ka yi su da sabuwar reza, kowa da tasa, a yar bayan an gama. Askar mahaifinka ka bar ta ga fuskarka kai kaɗai. Ba rage mata daraja ka yi ba, kuma mutanen da suka miƙa maka kawunan 'ya'yansu amana suka ba ka.

Yanzu zane. Kwantar da ƙarfen a kan kwali, ka soka siririyar ƙusa ta hujin wuyansa ta shiga kwalin, yadda zai riƙa juyawa a kanta. Zana ƙotar kewaye da shi yadda yake a rufe: bayan askar ya ɗan fito sama, kaifin ya nutse ciki da ratar milimita 3 ko fiye daga gefen ƙasa. Ka kula da dunduniyar kaifin, wato ƙarshensa na kusa da wuya, ita ce ke leƙowa ta ƙasa ta yanki yatsa idan ƙota ta cika siranta. Juya ƙarfen a kan ƙusar ka ga layin da bakinsa ke bi, ka sa alamar weji milimita 2 gaba da wannan layin. Yawancin asake ƙotarsu takan kama santimita 14 zuwa 15, amma ƙarfenka ne zai faɗa maka gaskiya, ba rula ba.

Shimfiɗa samfefa a kan guntun gilashi, ka goge fuskar ciki ta kowane falle har ta kwanta sumul, sannan ka rage bayan har kauri ya dawo milimita 3, ko ƙasa da haka kaɗan in ƙaho ne. Ka ɗauki ɓarin ka ɗan lanƙwasa da yatsu. In ya ƙi motsi sam, bai sirance ba tukuna. Daga nan ka manne su biyun fuska da fuska da ɗan gam, da takardar jarida a tsakani don su rabu cikin sauƙi daga baya. Tun daga wannan lokaci har ƙarshen sassaƙa abu ɗaya ne su, tare za a yanka, tare za a huda, tare za a goge.

Huji shi ne zuciyar aikin, kuma ana yin sa tun fallen yana shimfiɗe, kafin a zagaye gefuna. Idan hujin ya karkata ko da kaɗan ne a wajen wuya, karkatar takan ninku kafin ta kai bakin aska, santimita goma sha wani abu daga nan, sai ka ga kaifi yana dukan gefe. Na san al'adarmu ta huda ƙota da jan ƙarfe daga wuta. A fartanya ba laifi, a nan kuwa kada ka yi, don wuta tana faɗaɗa ramin, ta bar gawayi a bangonsa, ƙusa ta riƙa wasa a ciki. Bakin huji na milimita 1.6 ake so, wanda 'yan kasuwa ke kira ɗaya bisa sha shida na inci, ana samunsa wajen masu kayan aiki a Sabon Gari a Kano. In bai samu ba, cire kan siririyar ƙusa, ka buge bakinta ya yi faɗi, ka wasa shi, ka sa a abin huji na hannu. Don ya sauka a miƙe, kwantar da guntun madubi kusa da wurin: idan bakin hujin da hotonsa na cikin madubi suka zama layi ɗaya, kana daidai. Ka duba ta gaba, ka duba ta gefe, ko ka sa wani ya tsuguna yana duba maka. Wanda ke kusa da kafinta mai injin huji na tsaye, ya kai masa, kuɗin ba su kai ɓarnar ƙaho ba. Bayan huji sai yanka da zarto a wajen layi, a cinye saura da magagari, a zagaye gefunan waje kawai. Fuskar ciki a bar ta a kwance, haka nan kewayen huji, inda washa, ɗan zoben da ake sawa ƙarƙashin kan ƙusa, za ta zauna.

Weji ɗan abu ne da bai kai farce biyu ba, amma shi ke ba ƙota siffarta. Mutane da yawa sukan sa falle mai kauri ɗaya a wurin, sai ɓarin biyu su tafi a jere kamar layin dogo, askar ta yi tsauri a wani wuri ta yi sako-sako a wani. Dubi wuyan ƙarfenka da kyau: ya fi kauri ta wajen kaifi, yana sirancewa zuwa wutsiya. Wejin ma haka zai kasance, kaurinsa yana fuskantar bakin aska, sirantarsa tana kallon gindin ƙota. A wajen kaurin ya kai kamar rabin kaurin bayan askar. Gwajinsa mai sauƙi ne: matse ɓarin biyu a kan wejin da yatsu, ka ga ɗaya ƙarshen ya buɗe ya fi kaurin wuyan ƙarfen kaɗan. Idan ka jawo su suka haɗu da wuyan, tsakiyar ƙotar za ta yi ɗan ciki, kuma wannan lanƙwasar ce ke riƙe aska a kowane matsayi. In tsohon wejin yana nan lafiya, mayar da shi. In babu, yi da guntun ƙashin ƙwaurin sa da aka tafasa da omo har maiƙonsa ya fita. Farin ƙashi a gindin baƙin ƙaho yana da kyau a ido. Ka ɗaura ƙyalle a hanci lokacin gugar ƙashi da ƙaho, ƙurarsu ba ta da kyau ga ƙirji.

Kammala gugar kafin ka haɗa. Samfefa mai lamba 120, sai 240, sai 400, sai 800 ko 1000 da ruwa, irin ta masu fentin mota. Ƙaho daga nan sai a murza shi da tsumma da ɗan man goge baki, zai yi ƙyalli, a shafe shi da man kaɗanya. Ice kuwa dole a toshe ƙofofinsa ciki da waje, har cikin huji. Abin da ya fi riƙewa shi ne sufa gulu, a shafa siriri, ya bushe, a goge, a maimaita sau da yawa, a waje inda iska ke kaɗawa don yana yaji a ido. Man gyaɗa kada ka shafa wa ice, yana yin wari ya yi danƙo.

Ƙusa ta tagulla ake sawa, ba ta baƙin ƙarfe ba, don ita tagulla tana baje kai da ƙaramin bugu kuma ba ta tsatsa. Masu walda da gas da masu gyaran lagireto suna da sandar tagulla, ka nemi mai milimita 1.6. Washa ƙanana za ka yanka daga siririn farantin tagulla, huɗu a waje, biyu masu sirantar takarda a ciki, tsakanin wuyan ƙarfe da ƙota. Tsofaffin asake hujin wuyansu yakan yi faɗi ya zama ba zagaye ba. In naka haka yake, cike shi da gam ɗin Araldite, ya kwana, ka sake hudawa a tsakiya.

Kada ka buga komai sai ka yi gwaji. Zura sandar a hujin biyu, ka matse da yatsu, ka rufe askar a hankali kana leƙawa ta sama. Idan bakinta ya karkata hagu, goge kaɗan daga fuskar ciki ta ɓarin hagu a bayan ƙusa, ta wajen wutsiya, da kaɗan daga ɓarin dama a gaban ƙusa. In dama ta karkata, ka juya maganar. Shafa biyu ko uku na samfefa, ka sake gwadawa. Wani lokaci kuma laifin na ƙarfen ne, wuyan ya ɗan karkace tun daga maƙera. Kada ka ce za ka miƙe shi da guduma, ƙarfen aska yana da gautsi, karyewa zai yi. A ƙota ake gyara irin wannan.

Da ta zauna a tsakiya, fara da ƙusar weji. Yanke sandar ta fito kamar milimita 1 sama da washa ta kowane gefe, ka daidaita kanta da magagari. Ɗora ɗaya kan a bisa ƙarfe mai santsi, ka riƙa bugun gefen ɗayan kana zagayawa, da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai. Bayan cokalin ƙarfe mai nauyi ma yana yi. Ƙarfin bugun kada ya wuce wanda za ka iya jurewa a kan farcenka. Bugu goma sha biyar, ka juya, goma sha biyar, ka juya. Bugu mai ƙarfi ba ya baje kan ƙusa, lanƙwasa ta yake yi a ciki ko ya tsaga ƙotar, kuma irin tsagewar da ka gani a ta mahaifinka sau da yawa daga nan take farawa. A ƙusar wuya ka riƙa tsayawa kana gwadawa. Ta yi daidai idan ka riƙe ƙotar, ka buɗe askar rabi, ta tsaya inda ka bar ta ba ta faɗo ba, amma babban yatsa yana iya motsa ta ba da kokawa ba. Goge abin da ya fito na weji ya yi daidai da ƙota, ka shafa farce a kan ƙusoshin, inda ya kama ka ƙara 'yan bugu har ya yi santsi.

Washi shi ne na ƙarshe, bayan an gama duk buge-buge. In da damina ka yi aikin, ka sa ran za ta ɗan saki idan hunturu ya shigo, musamman ta ice. Bugu biyar ko shida a ƙusar wuya zai dawo da ita. Bayan kowane aski ka zura ƙyalle tsakanin ɓarin biyu ka tsane ruwa, ka bar ta a buɗe ta sha iska kafin ta shiga zabira. Ƙotar ƙaho kuma ka riƙa shafa mata man kaɗanya lokaci-lokaci, kada ka jefa ta a ƙasan adaka ta yi watanni, don akwai ƙwaron da ke cin ƙaho da gashi, a duhu yake ɓarnarsa.